Turaren da Ya Ɓata Gwaji

Ranar farko ta kwas ɗin, Dogo ya shigo a makare, ya buga goshinsa da saman ƙofa, ɗakin duka ya waiwayo. Malamar da ke gaban allo ba ta yi dariya ba. Ta dube shi daga takalmi har hula, tafiya ce mai ɗan nisa, sannan ta ce, "Kowa ya ji wannan ƙarar? Madalla, kunnuwanku lafiya lau. Malam, samu wuri."

Ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti, an turo shi da wasu mutum goma sha ɗaya su koyi gwajin jin ƙananan yara cikin mako shida. Da niyyar karɓar takardar shaida kawai ya zo. Kafin a tashi ranar ya ƙara wata niyya.

Gwajin iri biyu ne. Akwai na na'ura, a sa ɗan bututu a kunnen yaro ta nuna ko ya wuce ko a tura shi wurin likitan kunne. Akwai kuma na hannu: uwa ta zaunar da yaro a cinya, wani ya ɗauke masa hankali da abin wasa ta gaba, mai gwaji ya laɓe ta baya ya kaɗa ƴar ƙaramar kacau-kacau a hankali. In yaro ya waiwaya, ya ji. Dogo ya yi fice a wannan. Duk yaron da aka ba shi sai ya waiwaya, har abokan karatu suka fara cewa hannunsa na da albarka.

Malama ta ba ajin lambar wayarta don tambayar aiki. Dogo ya zama mai yawan tambaya.

"Barka da yamma Malama. Tazarar mita ɗaya daga kunne, daga ina ake fara aunawa?"

"Daga kunne. Tambayarka ta huɗu ke nan yau, duk amsoshin suna shafi na biyu."

Bayan minti goma wani saƙon ya biyo baya: "Amma ka ci gaba da tambaya."

A mako na uku ya faɗa wa Malama abin da ke ransa, yana gumi. Ta ce ta ji, amma sai kwas ya ƙare, kuma wani malamin ne zai ba shi maki. Namiji in ya fara so, abu na farko da yake ɓace masa shi ne ma'auni. Tun rana ta biyu Dogo ya sayi turare, kullum yana ƙara yawan fesawa, har direban bas ya soma sauke gilashi in ya shigo.

Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, ita ce kuma za ta kai maganar aurensa gaban manya. Da aka ce ɗalibai su kawo yaran dangi ranar gwaji, ya ɗauko ta da ƴarta mai wata goma sha ɗaya, don Yaya ta ga Malama, Malama kuma ta ga gwaninta.

Ya laɓe, ya kaɗa ta dama, yarinya ta waiwaya. Ya kaɗa ta hagu, ta waiwaya tana dariya. Malama da ke kallo ta ce ya fita waje ya ja ƙofa. Ta tsaya a wurinsa ta kaɗa. Yarinya ba ta motsa ba. Ta ƙara ƙarfi, shiru. Ta ɗauko na'ura, kunne biyun duka suka nuna a tura ta wurin likita.

Ta kira shi ciki. "Ba ƙarar take bi ba, turarenka take bi. Laifina ne da ban lura tun da wuri ba. Duk yaran da ka gwada za mu sake kiransu." Ta juya ga uwar da murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, ban ce ba ta ji ba. Na ce sai likita ya duba ta, kuma kada a jima."

"Ƴata da ta san shigowata ɗaki tun kafin in buɗe baki?"

"Wataƙila inuwarki take gani."

Yaya ta saɓa ƴarta ta fice. A gida ta yanke hukunci: "Kai ka gwada ta wuce. Wannan yarinyar ta zo ta yi wa ƴata baki a gaban mutane. In ba ta janye maganarta ba, ƙafata ba za ta taka gidansu ba."

Dogo ya yi abin da mazaje da yawa suka yi kafin shi, ya nemi hanyar da ba zai ɓata wa kowa ba. Ya tura wa Malama saƙo.

"Malamata, ki ce mata na'urar ce ta samu matsala. In an ɗaura aure sai mu lallaɓa ta."

"Ɗalibina, ina sonka, Allah ya sani. Amma duk watan da ya wuce, kalmomi ne yarinyar nan take rasawa. Ba zan janye ba ko da auren zai fasu. In kai za ka iya, ba kai nake zato ba."

Ya karanta sau bakwai ko zai canza, bai canza ba.

Kwana uku yana bin gidajen yaran da ya gwada yana ba iyaye haƙuri, yana rubuta musu ranar dawowa. Rana ta huɗu ya yi wanka da sabulun wanki, ya sa rigar da ba ta taɓa ganin turare ba, ya nufi gidan Yaya da hantsi.

"In ita ta aiko ka, koma."

"Ni na aiko kaina. Ni ne na yi kuskure, Yaya, kuma ba zan fita ba sai kin gani da idonki."

Ya saki labule don kada inuwa ta faɗi. Ya zaunar da yarinyar a tabarma ya ba ta cokali tana wasa, ya ce Yaya ta cire takalmi ta tsaya can baya, ta kira ta da kanta.

"Ƴar lele," in ji Yaya a hankali. Yarinya na juya cokali.

"Ƴar lelen Mama!" Ta tafa hannu. Ta ɗauki murfin tukunya ta buga da ludayi. Yarinya ta kai cokali baki, ta yi wa kawunta murmushi.

Yaya ta ajiye murfin ta juyo gare shi. "Miƙo min mayafina. Ƙarfe nawa likitan yake tashi?"

Likita ya tabbatar jin ya ragu sosai, amma an zo da wuri. Bayan mako biyar aka sa mata na'urar ƙara ji a kunne biyu. Yaya ta kira ta daga baya, yarinya ta zabura, ta waiga, ta fashe da kuka. Uwar ta fi ta kuka. Daga asibitin ba ta koma gida ba, gidan su Malama ta sa aka kai ta.

Dogo ya ci jarrabawa a zama na biyu, aka ɗaura aure bayan wata huɗu. Ranar da aka kawo amarya, Yaya ta kama hannunta ta riƙe gam.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ƙanwata, ya ba ku zuriya mai albarka. Duk wanda ya zo, ke za ki gwada shi, ba wannan ba."

Mata suka yi dariya suka ce amin. Daga bakin ƙofa, a sunkuye, amin ɗin ango ta fi ta kowa ƙarfi.