Tsohon da Na Ɗauka a Kariya

Da la'asar sakaliya muka juyo daga tsibirin, ni da Tetteh, kowa a kan keken haya.

Sunana Tahidu, ɗan unguwar Changli ne ni a nan Tamale. Shekara guda bayan samun 'yancin kai aka tura mu Ingila koyon aikin wayar tangaraho. Tetteh abokina ne tun muna yawo ba wando. Ubansa akawu ne daga kudu, Kirista, amma a unguwar Sakasaka, nan Tamale, aka haifi Tetteh. Shi ya ji labarin wani tsibiri a arewacin Ingila, mai kufan tsohon gidan ibada inda masu zuhudu na addininsu suka zauna shekaru aru-aru. Ya dame ni sai mun je. Na ce muddin da keke za a je, ko bangon duniya ne ina ciki.

Ba gada ake bi ba. Teku ne yake janyewa ya bar fili na jiƙaƙƙen yashi, mil biyu ko uku, an kakkafa dogayen itatuwa a jere suna nuna hanya. A bakin hanyar akwai allo da lokuta a rubuce. Tetteh ya karanta da safe ya ce lallai mu fito kafin ƙarfe biyar, ruwa zai dawo.

Na yi masa dariya har da buga cinya. Na ce, "Ka taɓa ganin ruwa ya janye haka ya dawo a yini guda? Madatsar garinmu in ta ƙafe, sai wata damina." Abin da na sani ke nan. Wanda ya tashi yana bin jarka da tulu rabin shekara, ta ina zai yarda ruwa yana zuwa sau biyu a yini ba a roƙe shi ba?

Mun sha yawo, ba ƙarya. Mun zaga jajayen ganuwar da rufinsu ya zube, mun hau tudu a ƙafa, mun ci burodi a gindin wata baka ta dutse da ta tsaya ita kaɗai a sama. Biyar ta yi, Tetteh ya nuna mini agogo. Na ce sai na ƙara zaga tsibirin sau ɗaya, don in na koma gida in ce na kewaye shi kaf. Taurin kaina ya ci mana minti arba'in. Wannan laifin nawa ne, kuma har gobe ina jin ɗacinsa.

Mun yi kamar rabin mil a kan yashi sai hazo ya sauko. Ba iska. Sai ƙarni, irin na kifin da ya kwana, da ƙarar taya a jiƙaƙƙen wuri, tsal, tsal, tsal. Tetteh yana gaba, ina hango bayan rigarsa.

Nan na ga tsohon. Yana tafiya a gefen itatuwan nan, a sunkuye, da doguwar riga mai kauri wadda ta rufe har kansa. Ba takalmi.

To ku kun san tarbiyyarmu. Yaron da ya wuce babba a hanya yana kan keke, bayansa ba kowa, kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ban yi wani tunani ba na ja birki. Bakina ma da kansa ya yi gaisuwar yamma ta Dagbani, wadda muke yi wa kowane dattijo a gida.

"Aniwula."

"Naa," in ji shi.

Haka ake amsawa a Tamale. Sak. Ya kamata jikina ya ba ni a nan. Wallahi daɗi ma na ji, kamar na tsinci ɗan uwa.

Na ce, "Baba, hau in rage maka hanya."

"Har gida za ka kai ni?" Da Hausa ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Har ƙofar gida, Baba." Abin da ake cewa ke nan.

Ya hau kariya, wato mazaunin bayan keke. Keken ya yi ƙara, tayar baya ta nutse. Hannu biyu suka kama ƙuguna, sanyinsu ya ratsa kwat ya ratsa riga. Na taka feda. Kamar na ɗauko buhun dawa uku.

Can gaba na ji ƙarfe ya kife, sai ihu. Na tarar da Tetteh a ƙasa. Tayarsa ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, ta lanƙwashe, idon sawunsa ya juya inda bai kamata ya juya ba. Ya yi yunƙurin tashi ya koma.

Sai a lokacin na lura yashin yana motsi. Ruwa ne, siriri, yana shigowa ta dama da hagu, ba igiya, ba hayaniya. Ya shafi takalmina. Kafin in gama kallo ya rufe shi.

"Massa, ɗauke ni," in ji Tetteh, da laƙabin da ya saba kirana da shi. "Ƙafa ya tafi. Sa ni a baya."

Na waiga. "Baba, don Allah ka yi haƙuri ka ɗan sauka. Ɗan uwana ya karye."

Yatsun suka ƙara matse ni.

"Baba, don girman Allah."

"Tahidu." Tetteh ya yi maganar da raɗa. "Da wa kake magana?"

"Da tsohon nan."

"Ba kowa a bayanka."

Na kalli ƙuguna. Rigata a tattare take wuri biyu, kamar an damƙe. Ba hannu. Amma ina jin kowane ɗan yatsa.

Ruwa ya kai ƙwauri.

Na ɗaga Tetteh na ɗora shi a sandar gaba. Na taka. Ko motsi. Tayar baya ta shige yashi har rabi. Na taka da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, sarƙa tana kuka, ba mu ci taku ɗaya ba.

"Ka ce har gida," in ji muryar, dab da kunnena. Numfashinsa warin laka.

"Ina ne gidan?"

Kan keken ya juya da kansa a hannuna. Ba gaɓar da muka dosa ya nufa ba, ba tsibirin ba. Wajen da ruwan yake fitowa ya nufa. Nan take tayar ta saki, keken ya fara tafiya sumul, ba na ko takawa.

Tetteh yana ta kiran sunan Yesu. Ni Ayatul Kursiyyu nake ja, tana kakkatsewa a bakina, in koma farko, ta sake katsewa. Itatuwan hanya suna nisa a bayanmu.

Ruwa ya kai gwiwa.

Ban san dabara ba. Na rungume Tetteh, na jefar da mu gefe gaba ɗaya. Kwat ɗina ya yage, ya tsaya a hannun da ba na gani. Gishiri ya cika mini hanci. Na miƙe, na goya Tetteh, na juya.

Da safe mun wuce wani ɗan ɗakin katako a kan dogayen ƙafafu, kamar rumbu, har na yi masa ba'a. Shi nake nema yanzu. Ina lalube daga itace zuwa itace, ina ƙirgawa da ƙarfi don kada hankalina ya gudu. Ruwa a cinya. Ruwa a ƙugu. Tetteh yana cewa in ajiye shi, ina ce masa ya rufe mini baki, me zan gaya wa uwarsa?

A bayanmu ƙararrawar keke ta kaɗa. Sau ɗaya.

Ta sake kaɗawa, kusa.

Ruwa a ƙirji hannuna ya bugi tsani. Na tura Tetteh sama, na bi shi, muka zube a kan katako muna amai.

Na leƙa ta taga. Keken yana tsaye cak a cikin ruwa, ba mai riƙe da shi. Tsohon yana kan kariya, kwat ɗina a cinyarsa. Bai ɗago kai ba.

"Ka ɗauko ni, ɗana," ya ce. "Ba ka kai ni ba."

Ruwa ya rufe shi yana zaune.

Masunta suka sauko da mu bayan ruwan ya janye. Tetteh ya rayu, da ɗingishi. Wannan kam alhamdu lillahi.

Da muka dawo Tamale na sayi sabon keke. Ran farko, a hanyar Gurugu, rana tsaka, tayar baya ta nutse a busasshiyar ƙasa, sanyin nan ya kama ƙuguna. Na cire kariyar, bai hana ba, sai ma tsohon ya matso jikina. Na mayar. Na canza keke, duk ɗaya. Aikina kuwa bin layin waya ne ƙauye-ƙauye, ba ya yiwuwa a ƙafa.

Tetteh ne ya gano maganin. In da mutum a kan kariyar, tsohon ba ya hawa. Tun daga nan ya nemi a haɗa mu aiki, kullum yana bayana da jakar kaya, yara suna mana waƙar mata da miji. Shekara biyu ke nan ban taka feda wurin nan a buɗe ba.

Makon jiya takarda ta zo, an mayar da shi Kumasi. Ya je ofis sau uku yana roƙo. Me zai ce musu? Jiya na raka shi tasha, ya riƙe hannuna har mota ta fara tafiya, yana cewa, "Massa, kada ka hau kai kaɗai."

Yau da asuba na fito zaure. Wata biyar rabonmu da ruwan sama, amma kariyar a jiƙe take sharkaf, tana ɗiga. Na dangwala na kai baki. Gishiri ne. Kan keken kuma ya juya, yana kallon kudu.