Kunnen Musaddiƙ

Shahida na laɓe a bayan labulen falon Abbanta lokacin da Musaddiƙ ya durƙusa ya sunkuyar da kai yadda ake yi a gaban suruki.

Abban nata, Alhaji Daudu, mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, tun yana aiki a fadar Kazaure ya saba sai dai a matso a saurare shi. Ya tambayi Musaddiƙ lafiyar mutanen Babura.

Shiru.

Ya tambaye shi ya aikin injin niƙa.

Shiru, kan nan na ƙasa kamar an dasa shi.

Sai da Musaddiƙ ya ga ƙafafun Alhaji sun wuce ta gabansa sannan ya ɗago yana raba ido.

Kafin la'asar gida ya ɗauka. Jalaluddeen, ɗan wan Abba, wanda ya daɗe yana shisshige wa Shahida da takalmi mai sheƙi da turaren aro, shi ya fi kowa zaƙewa. Wai dama me ake tsammani daga mai niƙa in ba raini ba. Hajiya Shatu ta taɓe baki ta ce ita 'yarta ba ta yi kwantai ba.

Shahida ba ta yi musu kuka ba, ba su kai ba. Ɗaki ta shige tana haɗa abubuwan da ta daɗe tana gani tana kau da kai. Kullum kunnen hagu yake juyo mata. A waya sai "na'am, me kika ce?" ya ɗora wa sabis laifi. A wani biki da suka je a garin Roni, cikin hayaniya, sai mutane sun gama dariya yake fara tasa. Ya sha ce mata kunnensa na ƙara kamar gyare. Ga kallon bakinta da yake yi in tana magana, ita kuma sakarya tana ta rufe fuska wai so ne. Ashe a leɓenta yake tsintar maganar, yau da ya sunkuya komai ya ɓace masa.

Ta kira ƙawarta Nafisat, ma'aikaciyar jinya. Nafisat ta ce ƙarar inji na cin kunne a hankali, kuma in abin ya fara raba mutum da jama'a, lokacin gwaji ya yi. In likita ya ga ya dace sai a ba shi na'urar ƙara ji, 'yar ƙarama a bayan kunne.

Da kyar Shahida ta shawo kan Abba. Ya ce in lalura ce, yaron ya zo ya faɗa da bakinsa, ya je a duba shi, magana na nan.

Washegari da yamma Musaddiƙ ya zo zance. Ta zauna daidai inda zai ga fuskarta.

"Abin ƙaunata... ba ka ji Abba ba ne, ko?"

"Wa ya gaya miki? Muryarsa ce ba ta fita."

A hankali ta jero masa komai, har da sharaɗin Abba. Ta ce ita da kanta za ta raka shi asibiti a Kano.

Ya yi wata 'yar dariya mai ban haushi.

"Ni zan maƙala abin tsofaffi a kunne? A kasuwar Babura a riƙa nuna ni ana cewa ga kurma? Haba Shahidata... gara a ce na yi rashin kunya."

Ta kalle shi tun daga hula har takalmi. Namiji har namiji, ya iya tsayuwa a kan inji tun safe, amma tsoron bakin 'yan kasuwa ya fi masa ita. A karon farko ta ji ta raina shi, abin kuma ya yi mata ciwo.

"Gara ka rasa ni ke nan."

"Ke kika faɗa."

Ya miƙe ya kaɗe wando ya nufi babur ɗinsa.

Hawayen da ta hana mutanen gida suka zubo. Ba ta ɗaga murya ba, da muryar da kowa ke magana ta ce:

"Musaddiƙ... in ka juyo, wallahi zan jira ka ko shekara nawa ne."

Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

Ya hau babur ya tayar.