Surukin da Ya Ƙi Naman Doki

Ranar da Shuja ya fara ganin Begimai, a bakin shingen gidansu yake tsaye, takalmansa duk taɓo, yana tambayar hanyar kanti da ɗan guntun yarenmu. Likitan dabbobi ne daga Pakistan, aiki ya kawo shi ƙauyenmu a tsaunukan Kirgistan. Ita kuma fitowarta ke nan da gurasa mai zafi daga tanderu.

"An rufe kanti," ta ce, ta gutsuro ta miƙa masa. "A garin nan ba a wuce gurasa. Ci tukuna."

Tun daga ranar bai sake ɗora tukunya ba. Duk ƙofar da ya gifta sai a jawo shi ciki, yau taliya da naman rago a gidan Gwaggo Burul, gobe shayi da man shanu a gidan liman. Amma ƙafarsa ta fi sanin gidan Baba Toktosun, mahaifin Begimai. In ya je ba ya iya zama, ya ɗauki kofi, ya ajiye, ya waiga ƙofar kicin. Ita ma har gurasa ta fara ƙonawa.

Ya tura mata saƙo: "Tauraruwata, yau gida uku na ci abinci, kuma har yanzu yunwa nake ji."

Ta amsa: "Maganinka ke nan, Baƙona. Wa ya ce ka wuce ƙofarmu?"

Matsala ta taso ranar da Baba Toktosun ya yanka doki, ya tara maƙwabta. Da hannunsa ya zaɓo tsoka mai kitse ya miƙa wa Shuja. Shuja bai taɓa cin doki ba, ya dafa ƙirji ya ba da haƙuri. Ulan, ɗan aminin Baba, wanda ya daɗe yana son Begimai, ya ce likita yana ƙyamar abincinmu, 'yarmu ce kawai ba ya ƙyama.

Baba ya ce wanda ya mayar masa da hannu a gaban jama'a ba zai ba shi 'ya ba.

Kunya ta hana Shuja shiga gidan kowa. Wa'adin aikinsa ya kusa cika, ya haɗa jaka, ya kwance, ya sake haɗawa. Ulan kuma ya baza cewa an yi masa mata a ƙasarsu. Begimai ta kasa ci, ta kasa zama, ta rubuta masa:

"In tafiya za ka yi, ka faɗa min da bakinka. Kada in ji a bakin mutane."

"Ba ni da wata sai ke. Na sabunta aikina. Amma wa zan tura wajen Baba? Ba ni da dangi a nan."

Ta kai wa Gwaggo Burul wayar. Gwaggo ta yafa gyale, ta je masaukinsa, ta tarar da Shuja ya dafa shinkafa irin ta garinsu, ja-jawur da barkono. Ta sauke tukunyar ba tare da ta tambaye shi ba, ta bi layi tana kiran maƙwabta, aka ɗunguma da shi har tsakar gidan Baba.

"Toktosun, neman aure muka zo. Yaron nan ya ci gurasar kowannenmu, mu ne danginsa. Ga abincin gidansu, kai ma ci mu gani."

Baba ya kai loma ɗaya. Tari ya sarƙe shi, hawaye suka zubo, ya ture faranti yana dafe da ƙirji.

"Au, mayar da hannu ka yi?" in ji Gwaggo.

Aka kwashe da dariya, har liman. Baba ya share ido, ya dubi Shuja.

"Tafiya za ka yi min da ita?"

"A nan zan zauna, Baba. Sai dai mu je ta ga garinmu, mu dawo."

"To ka rage barkono a gidan 'yata."

A take Gwaggo ta cire 'yan kunnenta ta saka wa Begimai, alamar an ba da ita. Da kaka ta yi, tumaki suka sauko daga kiwon tsauni, aka ɗaura aure. Mahaifiyar Shuja ta zo, ita da Baba ba mai jin yaren wani, amma tare suka ɗaga hannu suna sa albarka. Allah ya bar su tare, ya cika gidansu da baƙi.