Gurbi na Huɗu a Bencin Kicin

Ranar da kafinta ya buga ƙusar ƙarshe a bencin, rana ta riga ta faɗa bayan katanga, hasken da ya rage a tagar kicin bai fi tafin hannu ba.

Wata biyar ke nan da rasuwar matarsa. Tun daga lokacin kowa a gidan farantinsa yake ɗauka ya shige ɗaki, ya ci shi kaɗai kamar mai laifi. Shi ya sa ya haɗa benci a kusurwar kicin, manne da bango, da murfi a sama don a riƙa zuba tukwane a ciki, tunda wurin ya yi ƙanƙanta da kujeru. Bai yi awo da tef ba. Mutanen gidan ya zaunar a kan katakon ɗaya bayan ɗaya, yana ja da fensir a gefen kowa: shi, da 'yarsa Auta mai shekara goma sha huɗu, da yayarsa da kowa ke kira Gwaggo, wadda ta dawo gidan don ta riƙe su. Sai ya ƙara gurbi na huɗu a can cikin lungu, daidai inda marigayiya take ajiye 'yar kujerarta tana yankan albasa, tana magana ita kaɗai.

"Wannan kuma na wa?" in ji Gwaggo. "Ko ƙibar tawa ce ta kai ta mutum biyu?"

Ya ci gaba da jan fensirinsa.

Daren da aka gama bencin, sun zauna cin abinci ke nan, ba a kai loma baki ba, murfin gurbi na huɗu ya ɗaga da kansa, ya koma a hankali. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Sai wani. Kafinta ya fita da guduma a hannu, bai tarar da kowa ba sai shiru da ƙamshin sabon katako.

Kashegari da magariba cokula suka zube ƙasa ba wanda ya taɓa su. Daga cikin bencin ana jin wani abu yana numfashi, irin na wanda ya gaji da kuka.

A yamma ta uku Auta ta bar gurbinta ta koma na huɗu. Ta haɗe gwiwa, ta kafe ubanta da idanun da ba nata ba, ta ce da wata murya mai kauri, "Ka auna kowa. Har wadda ke kabari ka auna."

Gwaggo ta yi salati, ta fita ko takalmi babu, ta dawo da malami, wani dattijo siriri mai ruƙiyya. Ya durƙusa a ƙasan kicin ya daɗe yana karatu. Yarinyar tana murɗewa, gumi yana tsiyaya ta haɓarta, har tukwanen cikin bencin suka ɗauki kaɗawa.

"Wane ne kai?" in ji malam. "Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Muryar uwarta gare ta."

"To me ya haɗa ka da uwarta?"

"A lungun nan nake tun kafin a kawo ta gidan. Shekara goma sha bakwai tana zama nan tana magana, ni nake saurara. Shi yana shago yana hira da zarto." Kan yarinyar ya juya wajen kafinta. "Da ta mutu, kai aka zo wa gaisuwa. Kwana uku ana riƙe maka hannu. Ni ko kallon lungun ba a yi ba. Sai ka zo ka rufe ni da katako, ka ba ta wurina, ita da ba za ta zauna ba."

Fuskar kafinta ta yi duhu. "Matata ce," ya ce. "Ni na san ta."

"Ka san wace waƙa take yi in ta ƙone hannu?"

Kafinta ya ɗauko gudumarsa, ya matse ta har jijiyoyi suka fito.

"Ba gasa aka zo yi ba," in ji malam. "Ka ji tsoron Allah ka fita daga jikinta."

"A bar min ita. Da yamma kawai, ta riƙa yi min magana."

"Ko ƙiftawar ido ba za a ba ka ba. In ka ƙi, na ci gaba da karatu, ka kuma san yadda yake ƙuna."

Duhu ya gama cika tagar.

"To shi ya yi min gaisuwa," in ji muryar, ta yi ƙasa sosai. "Da bakinsa. Yadda aka yi masa. Sai in bar gidan."

"Yi masa mana!" Gwaggo ta daka wa ƙanenta duka a kafaɗa. "Kishin banza za ka tsaya yi, 'yarka tana hannun wani?"

Kafinta ya dubi Auta, leɓenta ya bushe, wuyanta ya langaɓe kamar ganyen da rana ta daka. Ya ajiye gudumar. Ya durƙusa a gaban bencin da ya haɗa da hannunsa.

"Sannu," ya ce. "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙanta. Allah ya ba ka dangana."

Wani dogon numfashi ya fita daga ƙirjin yarinyar, labulen tagar ya ɗaga ya sauka. Nan take kafinta ya kama kafaɗunta, abin da ya danne ya ƙwace masa.

"Tsaya! A duk maganganun nan, tana ambatona?"

Auta ta buɗe ido, idanunta na kanta, jajaye, cike da gajiya. Ta ce, "Baba, wa?"