Katin da Tasalla Ta Juya

Ku matso, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce.

Tasalla mai gwanjo, duk kasuwannin ƙauye an san ta, ba ta taɓa sallamawa a tayin farko. Mijinta Mati direban babbar mota ne. Ya yi lodi ya shiga hamada ta bayan Agadas, shiru kake ji. Damina ta zo ta wuce. Dangi suka ce ta shiga takaba. Ta ce, "Wa ya ga gawa?"

Ran wata kasuwa dare ya yi mata, ta ratso kwari ita kaɗai, ƙunshin kaya a ka. Gindin tsamiya ga wata tsohuwa zaune da 'yar fitila. Iska na kaɗawa, wutar ko motsi.

"Sannu, Iya."

Bakin tsohuwa ya motsa, ya rufe. Sai daga baya muryar ta iso. "Yawwa, 'yar nan. A aljihun kwat ɗin da ke ƙasan kayanki akwai abina."

Tasalla ta laluba, sai ga katuna masu hotuna, sun fi na karta girma.

"Can ƙasar Turawa da wasa aka fara shi," in ji tsohuwa. "Daga baya suka koma duba da shi. Uku ake jerawa: jiya, yau, gobe. In kati ya zo a juye, maganarsa ma ta juya."

Kamata ya yi ta nemi tsari ta wuce. Amma mai jiran labari ba ya jin tsoro. Ta durƙusa, tsohuwa ta karɓi katunan ta jera uku a ƙasa.

Na farko, mace da namiji. Tasalla ta kau da kai. Na biyu, mutum a keken doki. "Yana hanya," in ji tsohuwa. Na uku, ƙwarangwal bisa farin doki.

"Ƙarshe ke nan. Abin da ya ƙare a bar shi ya kwanta."

"Albarka," in ji Tasalla. "Sake wani."

"Nan ba kasuwa ba ce."

"Haba Iya, a duba dai."

Tsohuwa ta sunkuya gyara fitila. Wuf, Tasalla ta juya katin, kan dokin ya koma ƙasa. A nan idonta ya faɗa kan ƙafar tsohuwa. Kofato.

"Kin ci ciniki, 'yar nan. A tsaye, ƙarshe ne. A juye, abin da ya ƙi ƙarewa. Riƙe, naki ne."

Yadda ta isa gida ba ta sani ba. Kaya sun zube a hanya, kati ɗaya ne a hannunta.

Tun daga daren nan, in sawu ya ɗauke, sai babbar mota ta tsaya a ƙofar gidanta. Inji na ruri. Ga warin gas, ga ɗan tarin nan nasa. Ta buɗe ƙofa, ba komai sai rairayi mai ɗumi a dokin ƙofa. Ta yi kira har muryarta ta dushe: "Maigida, sauko mana, ga ruwa."

Sau ɗaya ya amsa. "Tasalla, na gaji. Bar ni in kashe mota."

Ta koma gindin tsamiyar nan ya fi a ƙirga, don ta mayar da kati a tsaye. Ba tsohuwa, ba fitila. Takaba ba ta yi ba, miji bai sauko ba.

Don haka kwarin nan, kada wanda ya ratsa shi kaɗai bayan isha. Balle mai jiran wani.