Inda Muka Ce Mun Haɗu

"A ɗakin karatu?! Ka ce mata a ɗakin karatu muka haɗu?"

Mijina ya juyar da kai kan filo. Bututun wankin ƙoda na manne a hannunsa, injin na ta 'yar ƙararsa.

"To me kike so in ce? Hajiya na zaune a gefen gadona..."

"Ni kuwa na ce mata a manhajar neman aure!"

Ya lumshe ido. "Innalillahi... Telata, mun kwafsa."

Mun kwafsa kam. Shekara shida ke nan da muka haɗu a waya, ni tela, shi malamin lissafi. Wata uku muna hira kafin in ga fuskarsa ido da ido, ashe ma a hoton ya ɓoye sanƙo da hula. Da maganar aure ta taso sai ya ce mahaifiyarsa ba za ta taɓa yarda da matar da aka tsinto a waya ba. Muka zauna muka tsara labari: wai mun miƙa hannu kan littafi ɗaya a ɗakin karatu. Ni da ko ƙofar wurin ban sani ba!

Hajiya, surukata, ta so labarin nan kamar me. Duk baƙon da ya zo sai ya sha shi, kuma kowace shekara tana ƙara masa gishiri, har ruwan sama ta sa a ciki.

Bara ƙodojinsa suka tsaya. Sau uku a mako ake ɗora shi kan injin, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Aka gwada ni, tawa ta dace, aka sa ranar dashe. Sai dai asibitin na da ƙa'ida: jami'ar walwala kan tambayi mai bayarwa da mai karɓa daban-daban, don a tabbatar aure ne na gaskiya, ba fakewa aka yi da shi don cinikin ƙoda ba. Tun a tambayar farko muka sha bamban. Nan take ta dakatar da aikin, saura kwana goma.

"Gobe za ta haɗa mu," na ce. "Kuma tana son Hajiya a matsayin shaida."

"Ki bari mu sake shawara, zuciyata..."

"Babu wata shawara. Gara ta yi fushi da mu kana raye."

Washegari da safe muka zauna a ofishin jami'ar, kujeru uku a jere. Mijina ya yi ta kame-kame, sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Na ciro tsohuwar wayata da na yi wa caji, na miƙa. Jami'ar ta gyara tabarau, ta karanta saƙonsa na farko a fili:

"Salamu alaikum. Na ga kin rubuta kina ɗinki. Ni kuwa duk wandunana sun yi mini tsawo."

Dariya ta kufce mata. Ta yi ta jan allon ƙasa, wata uku na shirme da alkawari, sannan ta buga hatimi a takardarmu.

Hajiya ba ta yi dariya ba.

"Shekara shida," ta ce a hankali, "kuna kallona ina ba mutane ƙarya da bakina."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kwana tara ina kira, ba ta ɗauka.

Ranar tiyata aka kwantar da mu a ɗakuna daban. Ƙofarsa cike da yayyensa da ƙannensa. Ni iyayena sun daɗe da rasuwa, yayata kuma tana nesa da tsohon ciki, don haka ni kaɗai ce da rigar asibiti da hular leda. Ban yi nadama ba ko kaɗan, amma tsoro ya kama ni sosai.

Ana tura gadona a baranda sai na ji an riƙe ƙarfensa. Hajiya ce. Ta wuce ƙofar ɗanta ko leƙawa ba ta yi ba.

"Hajiya... ɗakinsa can baya ne."

"Na san ɗakin ɗana. Shi yana da masu tsaya masa."

Ta gyara mini hular, ta tofa mini addu'a a goshi.

"Ki yafe mana, Hajiya."

"Ban gama fushi ba tukuna," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Sai kin zauna kin ba ni labarin tun daga farko, na gaskiyar, in san abin da zan riƙa faɗa wa mutane. Saboda haka ki fito, 'yata. Kin ji ko? Ki fito."

"Na ji, Hajiya."

Ba ta saki gadon ba sai da muka kai ƙofar da ba a barin kowa ya wuce.