Yatsa a Ƙarƙashin Shafin Tangaran

Saura wata biyu Sufeto Petrakis ya yi ritaya aka turo shi wata masana'anta a Ipswich. Injin jirgin sama ya kama wuta wurin gwaji, ya ƙone wani makanike. Manaja ya ce zagon ƙasa ne, ya nuna Leilani Fonoti, mai fesa wa fikafikan injin shafin tangaran da ke kare su daga wuta. In ta tabbata, kurkuku za ta.

Sufeto ya juya fiffiken da ya narke. Shafin ya ɓare a wuri guda, ɗan kewaye kamar ƙwan tsuntsu, da wani siririn layi a tsakiya. Ya daɗe yana kallonsa.

"Me ke ɓare shi haka?"

"Maiƙo, Yallaɓai," in ji Leilani. "In an wanke ƙarfen da yashi, ko gumin yatsa ya taɓa shi, shafin ba zai kama ba. Ni safar hannu biyu nake sawa."

"Wa ke dubawa kafin ya zo gare ki?"

"Baba Merv."

Merv Tuckwell, tsohon foman, yana inuwa yana shan shayi.

"Shekara talatin ban taɓa cire safa ba," in ji shi. "Ku dai 'yan sanda ba ku da aikin yi."

"Wallahi da ma haka ne," in ji Sufeto, ya miƙa masa wata na'urar awon kaushin ƙarfe. "Karanta mini abin da na'urar nan ta nuna."

Merv ya kai ta kusa da hanci, ya nesanta ta. "Huɗu."

Na'urar a kashe take.

"Ba ni hannunka, Baba."

Wani tsohon tabo ya raba babban yatsansa biyu. Sufeto ya ɗora yatsan a kan ɓarewar, layin ya hau tabon daidai.

Merv ya ajiye kofin. "Tun bara idona ya tafi. Da yatsa nake jin kaushin ƙarfen, yadda muke yi a da. Ina gogewa bayan na taɓa. Wannan na manta."

"Ka kuma yi shiru za a ɗaure yarinya."

"In na faɗa, su kore ni. Gida ba kowa."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Da suka zo matakala, Merv ya tsaya yana lalube da ƙafa. Leilani ta cire safarta, ta riƙe masa hannu har mota.